Mu Zaga Ƙasarmu: Katsina, Birnin da Aka Gina da Ƙasa

A wannan wata ba za mu yi nisa ba. Za mu tsaya a gida, wato birnin Katsina, inda muke zaune muna koyar da yara. Ga dalilinmu. Kowace shekara in hutun Disamba ya zo mukan karɓi baƙi daga Kaduna da Jos da Zariya da Malumfashi, waɗansu biki ya kawo su, waɗansu taro, waɗansu kuwa gaisuwar 'yan'uwa. Sukan sauka a tasha, su zarce gidan da suka nufa, su yi kwana biyu ko uku, su juya. In ka tambayi ɗayansu abin da ya gani a Katsina sai ya ce maka ya ga tituna masu faɗi da fitilu da gidajen gwamnati. To, ai waɗannan akwai su a kowane babban birnin jiha, mu ma yawancinsu ba mu same su ba sai bayan 1987, da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna. Abin da Katsina take taƙama da shi yana can cikin tsohon birni, yini guda kuwa ya ishi mutum ya zaga shi tare da 'ya'yansa. Roƙonmu shi ne, wanda ya yi niyya kada ya yi ta ɗagawa, gama abubuwan da za a gani ɗin ba masu jiran mutum ba ne.

Ga abin da ya sa muka faɗi haka. A darasin labarin ƙasa mukan nuna wa yara hoton gine-ginen mutanen Maya na ƙasar Meziko, irin dalar nan ta Cicen Itsa. Su da dutse suka yi gini. Masu birnin suka watse, kurmi ya rufe shi shekara ɗaruruwa, amma da aka zo aka sare kurmin sai aka tarar da ginin a tsaye, yau kuwa mutane daga ko'ina cikin duniya suna biyan kuɗi su je kallo. Kakanninmu da ƙasa suka yi nasu. Ginin ƙasa yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, yana kuma iya ganin jika da tattaɓa kunne, amma da sharaɗi guda, sai an bi shi da yaɓe. Ran da aka daina yaɓe, ran nan ya kama hanyar komawa inda aka haƙo shi.

Ganuwar Katsina ita ce shaidarmu. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya sauka a Katsina a farkon 1851. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar mil 13 zuwa 14, ya kuma ce sa'ad da birnin yake kan ganiyarsa mutanensa sun kai 100,000, ko da yake shi bai tarar da fiye da 7,000 ko 8,000 ba, domin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun riga sun kori fatake zuwa Kano. Shi ne kuma ya rubuta cewa a Katsina ne harshen Hausa ya fi cika da daɗin furuci. Kanawa masu karanta wannan shafi su yi mana haƙuri, baƙo ne ya faɗa. To, yau je ka nemi mil 13 ɗin nan. Sai guntaye nan da can. Wani wuri tudu ne kawai da awaki suke hawa, wani wuri an kwashe ƙasar an yi tubali, wani wuri kuwa gida ya hau kai ya zauna. Sunayen ƙofofi ne suka rage daram: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar Ƙwaya, da Ƙofar 'Yanɗaka, wadda ta nan Gwamna Lugga ya shigo a 1903. Kowane mai Keke Napep ya haddace su, gama su ne tashoshinsa. Amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka cewa Ƙaura da Durɓi da Marusa da 'Yanɗaka sarautu ne na manyan ƙasa, waɗansu ƙofofin kuma an riga an sāke su da siminti domin mota ta sami wucewa.

A biranen Hausa na dā, in damina ta ɗauke akan yi gayya, kowace unguwa da kowane ƙauye na kewaye da nasu yankin ganuwa da za su ɗebo ƙasa su gyara. Tsoron mahara ne yake sa mutum ya ɗauki kwando ba gunaguni. Da Turawa suka hana yaƙi sai tsoron ya tafi, gayyar ma ta bi shi. A birnin Jenne na ƙasar Mali har yanzu ba su bar tasu ba. Babban masallacinsu na ƙasa ne, an sāke gina shi a 1907, kowace shekara kuwa akwai ranar da gari duka yake fita, yara suna kwaɓa, mata suna kawo ruwa, samari suna hawa suna yaɓe. Shi ya sa nasu yake tsaye sumul. Mu a nan abin da ya rage mana na manyan gine-ginen dā bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, su ne kuwa za mu zaga.

A fito da sassafe tun rana ba ta yi zafi ba, a fara daga filin Kangiwa da yake gaban fada. Ƙofar fadar ita ce Ƙofar Soro, gidan kuwa har yau Gidan Korau ake ce da shi. Masu ba da tarihi sun ce kafin Korau Durɓawa ne suke riƙe da ƙasar, na ƙarshensu Sanau. Korau mutumin 'Yandoto ne, ɗan kokawa, ya kā da Sanau, ya kashe shi, ya hau gado, shi ne kuma aka ce sarki Musulmi na farko a Katsina. Takobin nan Gajere da ake danganta masa yana cikin kayan sarauta har gobe. Sarakunan Haɓe da suka biyo bayansa sun yi mulki har 1807, sa'ad da Ummarun Dallaje ya ci birnin da tutar Shehu. Waɗanda aka kora suka yi arewa suka kafa Maraɗi, shi ya sa ake ce da sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. A 1906 Turawa suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, ya yi shekara 38 a kan gado, da sunansa ne kuma ake yi wa garin kirari, ta Dikko ɗakin kara. Ba a faɗa wa fada kai tsaye. A gai da dogarai, a faɗi abin da ya kawo mutum, in sun ce a tsaya daga waje a tsaya, ko daga nan ma akwai abin kallo.

Daga fada ba nisa zuwa hasumiyar Gobarau. Tsayinta wajen ƙafa 50, gindinta da faɗi, tana tsukewa hawa-hawa zuwa sama. Ita ce ta rage daga babban masallacin da aka ce an gina tun zamanin Korau, fiye da shekara 500 ke nan, an kuma ce banda kiran salla har masu tsaron gari sukan hau kanta su hango ƙurar mahara. Wanda ya saba ganin benaye a Abuja zai ce wannan ɗin ce ake ta zuzutawa? Sai a ce masa ya matso ya dafa ta. Ƙasa ce da ruwa da ciyawa da itace, babu ƙarfe babu siminti a asalinta, ta kuwa sha damina fiye da 500. Ƙasar da take jikinta yau ba ta farkon ba ce. Magina ne zuriya bayan zuriya suka yi ta ɗora hannu a kan hannun na gabansu, kuma da tsara ɗaya ta yi sakaci da yanzu sai labari. In mai kula da wurin ya ba da izini a hau, a riƙe hannun yara a hau a hankali. Daga sama za ku ga yadda rufin kwano ya cinye soraye, sai ɗai-ɗai masu zankwaye suna leƙowa.

Gobarau makaranta ce kuma. Shaihu Magili, malamin nan na ƙasar Aljeriya, ya zo Kano da Katsina wajen ƙarshen ƙarni na 15, bayansa kuma garin ya fitar da nasa malamai, irin su Ɗan Marna da Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. Mu malaman lissafi akwai wanda ya fi jan hankalinmu, wato Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, wanda Larabawa suka sani da Alkashnawi. Ya bar gida ya tafi Makka, a 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake jera lambobi cikin gidaje har jimlarsu ta zo daidai ta kowace fuska, ya rasu a Alƙahira a 1741. A ƙasarmu hatimi ake ce da irin wannan zane, malaman tsibbu kuma suna da abin da suke yi da shi, wannan ba ruwanmu. Lissafin da yake ciki dai lissafi ne na ƙwarai, masana tarihin lissafi a Turai da Amurka suna ambaton sunansa har yau. Ga aiki ga yara: ku zana gida 9, uku-uku, ku sa lambobi daga 1 zuwa 9, kada ku maimaita ko ɗaya, ya zama kowane layi, a tsaye da a kwance da daga kusurwa zuwa kusurwa, jimlarsa 15. Wanda ya iya wannan ya gwada mai gida 25, jimlar kowane layi 65.

Daga nan sai tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu ta zama gidan adana kayan tarihi. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, aikinta kuwa horar da malamai. A ɗakunan nan Ahmadu Bello Sardauna ya yi karatu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam, wanda yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. A 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, ita ce ta zama Kwalejin Barewa a 1971. Mukan ce wa ɗalibanmu su dubi ƙanƙantar ɗakunan, sa'an nan su daina ce mana rashin fanka ne ya hana su cin jarrabawa. Amma kada kallon kayan da aka jera ya hana ku ɗaga kai ku dubi ginin kansa. Da Turawa suka tashi gina babbar makarantarsu ta farko a Arewa, maginan gargajiya suka sa, da tubali da azara.

A nan ne ya kamata a tsaya a bayyana wa yara yadda soro yake tsayawa. Magini ba ya da dogon katako, abin da yake da shi azara ce, wato gangar giginya da aka faskare, wadda gara ba ta cika ci ba, amma ba ta ɗaukar nauyi in ta yi tsawo da yawa. Sai ya yi dabara. Yakan dasa azara cikin bango ta ɗan karkato ciki, ya ɗaura wata a kanta ta ƙara karkatowa, ya bi da ƙasa, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya su zama baka. In bakuna suka gitta juna shi ne ake ce wa ɗaurin guga. A kansu ake shimfiɗa sauran azara da zana, a zuba ƙasa, a fitar da indararo. Saura abin da zai hana ruwa ratsawa. Ku tambayi tsohon magini, zai ce muku laso da makuba. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta. Laso kuwa daga marina yake fitowa: katsin da ya kwanta a gindin karofi ake kwashewa a ƙone a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Kun ga ke nan magini yana jingine da marini, yana jingine da majemi, dukansu kuma suna jingine da manomin da ya bar ɗorawa a gonarsa bai sare ba. Ba a rasa sana'a ɗaya ita kaɗai. Marina ta mutu, laso ya yi wuya, mai soro ya ga yoyo ya ishe shi, ya rushe ya buga kwano, magini ya sa ɗansa koyon tuƙi.

Saboda haka in an fito daga kwalejin a nemi masu sana'a. Rini tsohuwar sana'a ce a garin nan, shi kansa Ɗan Marna ma'anar sunansa ke nan, ɗan marina, haka kuma Larabawa suka fassara shi. Karofi rami ne mai zurfi da aka dāɓe da laso. A cika shi da ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a yi ta motsawa da muciya kwana da kwanaki har ya nuna, ya yi kumfa, ya yi warin da maƙwabta ba sa ƙauna. Abin da yara sukan yi mamaki shi ne, in an tsamo zane daga ciki kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska a gaban idonsu ya juye shuɗi. A mai da shi, a tsamo, a mai da shi, har ya yi baƙi. Sa'an nan a kai wa mabuga su barbaɗa shuni su buge shi a kan gungume har ya riƙa ƙyalli, irin wanda Buzaye suke so na rawani. Yau yawancin rini da garin kanti ake yi cikin tukunya ko roba, a gama cikin sa'a guda, karofi da yawa kuwa an cike su an yi gini a kai. A tambayi dattawan unguwa su nuna gurbin da suka sani. Wanda hanyarsa ta bi ta Kano, marinar Ƙofar Mata tana nan tana aiki, sai ya ratse da yara su gani.

Dukawa sun fi marina sauran numfashi, hawan salla ne kuwa ya riƙe su, gama muddin sarki da hakimai suna hawa sai an nemi mai gyaran sirdi da kayan doki. Fatar jar akuya ta ƙasashen Sakkwato da Maraɗi da Katsina ta daɗe da yin suna. Ayari yakan ɗauke ta ya ƙetare Sahara ta Agadas zuwa bakin teku, daga can ta shiga Turai, can kuwa sai suka sa mata suna fatar Maroko, da ita suke yi wa littattafai masu tsada bango, har da Littafi Mai Tsarki. Wahala ta kakanninmu, suna na waɗansu. Majemi yakan jiƙa fata cikin ruwan toka gashi ya saki, ya kankare, ya jeme ta da bagaruwa, ya murza ta da man gyaɗa har ta yi laushi. Ja daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuwa daga kuloko. Baduku ya karɓa ya yanka da wuƙa, ya huda da basilla, ya fitar da takalmi da jaka da kube da zabira da matashin zama.

To, a nan muke da magana da iyaye. Kallo ba ya ciyar da mai sana'a. Mun sha ganin baƙo ya tsaya a rumfar baduku rabin sa'a, ya sa an kwance masa kaya, ya ɗauki hoto, ya yaba, ya tafi bai sayi ko maɓallin fata ba, ya je kasuwa ya sayo wa yara takalman roba da za su tsinke kafin Ista. Wanda ya ware kuɗin tsaraba ya kashe rabinsa a nan. Ga shawara guda: a zo da Littafin da ake zuwa sujada da shi, a ba baduku ya auna, ya ɗinka masa gafaka, kafin a tashi komawa ya gama, za ta kuwa daɗe fiye da jakar leda goma. A yi ciniki, gama ciniki al'ada ce, mai kaya ma zai ji wani iri in ba a taya ba. Amma a tuna hular da ake so a karya wa daraja wata mata ce a cikin gida ta yi kwanaki tana bin ta da allura zare ɗaya-ɗaya. In ana shakkar ko fata ce ko roba, a juya bayanta a duba, a kuma sansana, bagaruwa ba ta ɓuya.

Wajen azahar ciki ya fara kira. Mu dai in baƙonmu ne fura muke fara ba shi, ko hura, yadda bakin mutanen nan yake faɗa. Gero ne aka surfa aka daka da citta da kanumfari da barkono, aka cura, aka dafa, aka kirɓa, a dama da nonon da Fulani suka kawo da safe. Gargaɗi ɗaya, a lura da ruwan da za a dama da shi, in da hali a sayi curin da nonon a zo gida a dama, musamman in da ƙananan yara. Mai son abu mai nauyi ga waina da miyar taushe, ga ɗanwake da mai da yaji, ga dambu da zogale. In an ci tuwo da miyar kuka aka ji ƙamshin daddawa, a gaya wa yara cewa daga kalwa aka yi ta, kalwa kuwa ƙwayar ɗorawa ce, itacen nan da ya ba magini makuba. Masu gawayi suna cin ɗorawa, magi kuma yana cin kasuwar mai daddawa. Da yamma sai tukubar mai tsire da balangu. Tsarabar komawa kuwa kilishi, domin shi ba ya lalacewa a hanya. Naman ake feɗewa fale-fale kamar takarda, a shanya, a tsoma cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sāke shanyawa, sa'an nan a nuna masa wuta kaɗan. A ɗanɗana kafin a saya, a kuma sa a naɗe a gaban mutum.

Mun sha jin waɗansu 'yan'uwa suna cewa, me zai kai mu kallon hasumiyar masallaci da fadar sarki, ai ba tarihinmu ba ne. Ba mu yarda da wannan ba. Ƙasar da aka gina ganuwa da ita talakawan birni da na karkara suka ɗauko a kā, audugar da masaƙa suka saƙa da baban da marina suka zuba daga gonakin ƙauye suka fito, da na Musulmi da na Maguzawa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan ƙasar nan, ya nuna cikin littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981 cewa birnin taron mutane iri-iri ne tun asali, sunayen unguwanni ma sun isa shaida. Yaron da aka haifa a Kafur ko Matazu Bakatsine ne, ranar Lahadi ya je majami'a ko ranar Juma'a ya je masallaci. In muka rene shi yana ganin cikin birni wurin waɗansu ne, mun mai da shi baƙo a ƙasar ubansa da hannunmu.

Sai dai shiga gidan mutane da ladabi ake yi. Kada a zaɓi ranar Juma'a da tsakar rana, hanyoyi sukan cika, mutane kuma suna da abin da yake gabansu. Mata da 'yan mata su yi shigar da za ta sa a gan su da mutunci a lungu, su yafa gyale. A yi sallama kafin tambaya, a tuɓe takalmi in an ce a shigo zaure, kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Inda kabarin Ɗan Marna yake maƙabarta ce da ake binne mutane har yanzu, a can aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010, saboda haka ba wurin yawon kallo ba ne, in an bi ta wajen a hana yara surutu. Mu dai ba mu taɓa shiga lungu da gaisuwa muka fito ba a ba mu ruwa ba.

Akwai wuri guda a bayan gari da mai sauran lokaci zai so ya sani, wato Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, wajen mil 20 gabas da birni, inda aka ce kaburburan sarakunan Durɓawa suke. Tuddai ne manya. Wani Bature mai mulki, Palmer, ya tona waɗansu a 1907, masana daga Jamus kuma suka sāke tonawa a 1992, aka sami mundaye na tagulla da na hauren giwa, da wuri, da 'yan kunne na zinariya, har da tasar da aka ƙera a ƙasashen gabas, abin da ya nuna fatauci da nesa ya girmi zamanin da muke zato. Amma a 'yan shekarun nan ɓarayin daji sun addabi yankuna da dama na jihar, musamman wajen Jibiya da Batsari da Safana, don haka duk fitar da za a yi bayan gari a fara shawartar mai masauki, a fita da rana a komo da rana. Masu zuwa daga nesa su ma su tsara tafiyarsu kada dare ya yi musu a hanya.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu je Daura mu leƙa rijiyar Kusugu. Yaran da suka warware lissafin gida 9 su aiko da amsa ta hannun edita, su rubuta sunansu da ajinsu da garinsu.